Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Haƙƙin Ɗan Ƙasa Ke Maƙalewa a Ofisoshin Gwamnati?

Assalamu alaikum, masu karatu. Galibin wasiƙun da suka shigo wannan fili a kwanakin nan sun taru ne a kan batu guda, wato yadda haƙƙoƙin da doka ta ba ɗan ƙasa suke zama abin roƙo da zarar ya shiga ofishin gwamnati neman su. Mun zaɓi wasu daga ciki mun taƙaita, kuma kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen waɗanda suka aiko.

TAMBAYA: Malam, ni ɗalibi ne mai nazarin harkokin mulki. Kundin tsarin mulki ya jero haƙƙoƙi masu daɗin ji, gwamnatoci kuma sun rattaba hannu a kan yarjejeniyoyin duniya bila adadin, amma duk wanda ya taɓa neman takardar shaidar haihuwa ko fasfo ko kuɗin fansho ya san cewa alfarma yake nema. A ina gizo ke saƙar?

AMSA: Malam, Allah Ya ƙara basira. Gizo yana saƙa ne a tazarar da ke tsakanin maganar tsarin mulki da teburin ma'aikacin da zai karɓi takardarka. Tsarin mulki da yarjejeniyoyin duniya suna magana da harshe mai faɗi. Sanarwar kare haƙƙin ɗan Adam da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita ranar 10 ga Disamba, 1948, ta ce a sashe na 26 kowa yana da haƙƙin samun ilimi, kuma karatun matakin farko ya zama kyauta. Sai dai ba ta faɗi wanda zai rubuta sunan yaro a rajista ba, ba ta faɗi inda albashin malami zai fito ba, ba ta kuma faɗi abin da uba zai yi ba idan shugaban makaranta ya ce masa babu gurbi. Cike wannan giɓi shi ne aikin manufofin gwamnati, kuma hanyar tana da tsawo: majalisa ta yi doka, ma'aikatar da abin ya shafa ta tsara manufa, a fitar da ƙa'idoji da takardun umarni, a ware kuɗi a kasafi, a buga fom, a horar da ma'aikata. A kowane zango na wannan tafiya haƙƙin yana iya raguwa, har ya iso teburin akawu babu abin da ya rage sai sunansa.

Idan kana son ka gane ko wata manufa da gaske take, ka yi mata tambayoyi kai tsaye. Wane jami'i ne, da muƙaminsa, alhakin aikin ya rataya a wuyansa? Cikin kwana nawa dole ya kammala? Da wane kuɗi? Idan ya ƙi, wajibi ne ya faɗi dalili a rubuce? Gun wa wanda aka hana zai kai kuka, kuma me zai sami jami'in idan aka tabbatar da sakacinsa? Manufar da ta kasa amsa waɗannan, komai kyan lafazinta, buri ce kawai.

Dubi dokar 'yancin samun bayanai ta ƙasar Indiya ta shekarar 2005. Ta wajabta wa kowace hukuma ta naɗa jami'in da zai riƙa karɓar buƙatun jama'a, ta ba shi kwana 30 ya amsa, ta rage wa'adin zuwa sa'o'i 48 idan maganar ta shafi rai ko 'yancin walwalar mutum, ta buɗe matakai biyu na ɗaukaka ƙara, sannan ta tanadi tarar rupi 250 a kowace rana ta jinkiri, har zuwa rupi 25,000. Abin lura shi ne daga aljihun jami'in ake cire tarar, ba daga asusun hukuma ba. Dokar ba daga sama ta faɗo ba, domin tun a shekarun 1990 manoma da leburori a jihar Rajastan suka fara taruwa a bainar jama'a ana karanta musu takardun biyan kuɗin ayyukan gwamnati, suna jin sunayen matattu da na mutanen da babu su a cikin jerin waɗanda aka ce an biya. Afirka ta Kudu ta bi ta wata ƙofar. Sashe na 33 na tsarin mulkinta na 1996 ya ba kowa haƙƙin a yi masa adalci a duk shawarar da hukuma za ta yanke a kansa, sai dokar da aka yi a shekarar 2000 ta fayyace cewa wanda shawarar ta cutar yana da kwana 90 ya nemi dalili, jami'in kuma yana da kwana 90 ya bayar a rubuce, in kuwa bai bayar ba, kotu za ta ɗauka cewa babu wani dalilin kirki.

Tun da karatu kake yi, ya kamata ka san ra'ayin masanin nan ɗan Amurka, Michael Lipsky, wanda ya bayyana a 1980 cewa ƙananan ma'aikatan da ke fuskantar jama'a, irin su ɗan sanda da malamin makaranta da ma'aikaciyar jinya da akawu, su ne a zahiri suke tsara manufar da talaka ke gani, domin su ne suke yanke hukuncin wanda za a fara saurara da wanda za a ce ya dawo gobe. Bai ɗora musu laifin duka ba, kuma ni ma ban ɗora musu ba. Mutumin da aka ba aikin mutum biyar, ba tare da rubutacciyar ƙa'ida ko kayan aiki ba, dole ya ƙirƙiro hanyar rage layi, kuma hanyar da ta fi sauƙi ita ce ya sallami wanda ba shi da kowa. Saboda haka idan ka ga ana wulaƙanta jama'a a wani ofis, ka ɗaga kai ka dubi waɗanda suka tsara aikin tun daga sama.

TAMBAYA: Ni shugabar wani ƙaramin sashe ce a wata hukuma. Shekarun baya aka kawo mana allo mai ɗauke da alƙawuran hidima ga jama'a, aka kafa shi a bakin ƙofa, aka yi taro aka watse. Babu abin da ya canja. Shin irin waɗannan alƙawura suna da wani amfani, kuma me mai ƙaramin muƙami irina za ta iya yi?

AMSA: Malama, abin da kika gani ya faru a wurare da yawa. Wannan salo na rubuta alƙawuran hidima ya shahara ne daga Birtaniya, inda Firayim Minista John Major ya ƙaddamar da shi a 1991. Afirka ta Kudu ta fito da nata mai suna Batho Pele a 1997, Najeriya ta kafa SERVICOM a 2004, Iran kuma a watan Disamba na 2016 Shugaba Hassan Rouhani ya gabatar da kundin haƙƙoƙin 'yan ƙasa mai sassa 120. Sukar da aka fi yi wa irin waɗannan takardu iri ɗaya ce a ko'ina: sanarwa ce ta ɓangaren zartarwa, ba ta da ƙarfin dokar da mutum zai riƙa ya je kotu da ita, kuma ma'aikacin da ya saɓa mata ba ya rasa komai. Jihar Madhya Pradesh ta Indiya ta gane wannan rauni, shi ya sa a 2010 ta mayar da alƙawarin doka. Ta ƙayyade wa'adin kowace hidima, kamar bayar da takardun shaida da haɗa ruwan famfo, ta sa tarar da za ta iya kaiwa rupi 5,000 a kan jami'in da ya yi jinkiri ba dalili, ta kuma ba da damar a biya wanda aka ɓata wa lokaci diyya daga cikin tarar. Jihohi da dama na ƙasar sun kwaikwaye ta daga baya.

Duk da haka ba zan ce allon ƙofarku ba shi da amfani ko kaɗan ba. Ko ba komai, ya ba mai neman hidima abin da zai nuna ya ce ku da kanku kuka rubuta. Matsalar ita ce an kafa shi ba tare da an taɓa yadda aikin ke gudana a ciki ba, kuma nan ne ikonki yake, ko da kina ganin muƙaminki ƙarami ne.

Abu mafi muhimmanci da za ki fara da shi shi ne shaidar karɓa. Duk wanda ya kawo takarda a ba shi rasit mai lamba da kwanan wata da sunan wanda ya karɓa, domin mafi yawan zaluncin ofis yana fakewa ne a bayan kalmar nan ta cewa ba a ga fayil ba. Sannan ki rubuta cikakken jerin abubuwan da ake buƙata ga kowace hidima, da kuɗin da doka ta ƙayyade in akwai, cikin harshen da masu zuwa wurinku suke ji, ki kuma hana ma'aikatanki ƙara wani sharaɗi da baki. Mutumin da ya yi tafiya mai nisa aka ce ya koma ya kawo hoto, ya dawo aka ce saura sa hannun wane, an tauye masa haƙƙi ko da a ƙarshe ya samu abin da ya zo nema. Ki kuma mayar da shi ƙa'ida cewa ba a ƙin buƙatar kowa sai da rubutaccen dalili da bayanin inda zai ɗaukaka ƙara. Za ki yi mamakin yawan buƙatun da ake ƙi da baki waɗanda babu wanda zai yarda ya sa hannu a kan ƙin su. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar sabuwar doka ko ƙarin kasafi.

Akwai gargaɗi guda game da auna aiki da alƙaluma. A farkon shekarun 2000 gwamnatin Ingila ta sa ƙa'idar cewa kada majinyaci ya wuce sa'o'i 4 a sashen gaggawa na asibiti. Jira ya ragu ƙwarai, amma an samu wuraren da ake barin majinyata a cikin motar ɗaukar marasa lafiya a waje, don kada agogon ya fara ƙirge. Idan kika ce za ki auna ma'aikatanki da yawan fayilolin da suka rufe kawai, za su rufe masu sauƙi su ture masu wuya, kuma masu wuyar galibi na marasa galihu ne. Ki riƙa duba fayil mafi daɗewa a sashenki, ki tambayi abin da ya riƙe shi.

TAMBAYA: Duk lokacin da aka yi maganar ilimi ko lafiya ko muhalli, amsar gwamnati ɗaya ce, wai babu kuɗi. Shin rashin kuɗi yana ɗauke wa gwamnati nauyin haƙƙin jama'a?

AMSA: Yana sassauta wani ɓangare na nauyin, amma ba ya ɗauke shi, kuma wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta. Yarjejeniyar duniya kan haƙƙoƙin tattalin arziki da zamantakewa da al'adu, wadda aka amince da ita a 1966 ta fara aiki a 1976, ta yarda cewa ƙasashe ba su da ƙarfi ɗaya. Don haka ta ce a cika waɗannan haƙƙoƙi sannu a hankali, amma ta ɗaure wannan sassauci da sharaɗin cewa ƙasa ta yi amfani da iyakar dukiyar da take da ita. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar ya ƙara bayani a 1990 cewa akwai mafi ƙarancin abin da dole a samar, kamar abinci na tilas da kula da lafiya a matakin farko da matsuguni da karatun farko, kuma gwamnatin da ta kasa ita ce za ta kawo hujjar cewa ta yi iya ƙoƙarinta. Hana nuna bambanci kuwa ba ya jiran kuɗi. Idan gadon asibiti goma ne kawai ake da su, ba talauci ne ke sa a ba ɗan wane a hana ɗan talaka ba.

Kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta nuna yadda ake auna wannan a aikace. A shekarar 2000 ta yanke hukunci a shari'ar Irene Grootboom da ɗaruruwan mutanen da aka kora daga filin da suka kafa bukkoki, suka koma kwana a filin wasa. Kotun ba ta ce a ba kowa gida nan take ba. Abin da ta ce shi ne shirin gidaje na gwamnati, duk da girmansa, bai cika sharaɗin hankali ba, domin bai tanadi komai ga waɗanda ke cikin halin gaggawa ba. A 2002 kuma ta umarci gwamnati ta daina taƙaita maganin Nevirapine, mai rage yaɗuwar cutar ƙanjamau daga uwa zuwa jariri, ga wasu 'yan asibitocin gwaji. Hukunci na biyu ya yi tasiri da sauri saboda akwai ƙungiya mai ƙarfi da ta tsaya a kansa tana bibiya. Na farko kuwa, ita Grootboom ta rasu a 2008 tana zaune a bukka. Wannan ya isa ya nuna cewa hukuncin kotu ma manufa yake buƙata, da kasafi, da masu bin sawu, kafin ya zama rufin ɗaki.

Wani lokaci kuma kuɗin yana nan, hanya ce ke cinye shi. Binciken da aka yi a Yuganda ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, kashi 13 cikin 100 ne kacal na tallafin da gwamnatin tsakiya ke ware wa makarantun firamare don gudanarwa yake isa hannunsu, sauran yana salwanta a ofisoshin gundumomi. Sai gwamnati ta fara buga adadin da take turawa kowace gunduma a jaridu duk wata, ta kuma sa makarantu su liƙa abin da suka karɓa a inda iyaye za su gani. Zuwa 2001 abin da ke isa makarantu ya haura kashi 80 cikin 100. Masana sun yi muhawara kan ko buga alƙaluman ne kaɗai ya kawo canjin, tun da an yi wasu gyare-gyare a lokacin, amma babu mai musun cewa shugaban makarantar da ya san haƙƙinsa ya fi wuyar cuta.

Saboda haka idan aka ce maka babu kuɗi, tambayar da ta dace ita ce nawa aka ware, nawa aka saki, nawa ya isa, kuma me aka fifita a kan wannan buƙata. A ganina kasafin kuɗi ya fi kowace takarda bayyana haƙƙoƙin da gwamnati ta ɗauka da muhimmanci, domin jawabi ba ya cin ko sisi.

TAMBAYA: Ana ta cewa haƙƙin ɗan ƙasa. To baƙon da ke zaune a ƙasa fa, ba shi da haƙƙi a gaban hukuma?

AMSA: Yana da shi. Haƙƙoƙin da aka keɓe wa 'yan ƙasa kaɗan ne, mafi shahara su ne jefa ƙuri'a da tsayawa takara da riƙe wasu muƙamai. Kariya daga azabtarwa da tsarewa ba bisa ƙa'ida ba, da haƙƙin a saurari mutum kafin a yanke masa hukunci, na kowane ɗan Adam ne da ke ƙarƙashin ikon ƙasar. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin ɗan Adam da al'ummomi ta 1981 ma ta haramta korar baƙi a jimlace a sashenta na 12.

TAMBAYA: Ni ina ganin maganin duk wannan shi ne a cire hannun mutane, a mayar da komai kan kwamfuta da intanet. Na'ura ba ta karɓar cin hanci, ba ta san ɗan wane ba. Ko ba haka ba?

AMSA: Akwai gaskiya a maganarka, Malam. Neman hidima ta intanet yana barin sawu, yana nuna ranar da aka shigar da buƙata, yana kuma rage haɗuwar ido da ido inda ake neman na goro. Amma na'ura tana aiwatar da ƙa'idar da aka ɗora mata ne, idan ƙa'idar karkatacciya ce sai ta zalunci dubbai a lokaci guda ba tare da ta ji kukan kowa ba. A Ostareliya, daga wajen 2016, hukumar tallafin jama'a ta sa na'ura ta riƙa raba kuɗin shigar mutum na shekara daidai wa daida a kan makonni, ta kwatanta da abin da ya bayyana, ta aika masa takardar bashi, sannan a ce shi ne zai kawo hujjar cewa ba a binsa. Masu aikin wucin gadi, waɗanda samunsu ke hawa da sauka, su suka fi shan wahala. A 2019 gwamnati ta amsa a gaban kotu cewa hanyar ta saɓa wa doka, a 2020 ta sanar da mayar da dalar Ostareliya miliyan 721. A Holan kuma hukumar haraji ta zargi dubban iyalai da zambar tallafin kula da yara bisa kuskure, har da amfani da kasancewar mutum mai shaidar ƙasa biyu a matsayin alamar zargi, ta tilasta musu biyan kuɗin da ya jefa da yawa cikin fatara. Abin ya kai ga majalisar ministocin Firayim Minista Mark Rutte ta yi murabus a watan Janairun 2021.

Waɗannan ƙasashe ne masu arziki da ƙwararrun ma'aikata. Don haka duk hukumar da za ta koma kan na'ura, wajibi ne manufarta ta tanadi cewa mutum zai iya sanin dalilin hukuncin da aka yi masa, zai iya neman ɗan Adam ya sake duba shi, kuma an bar ƙofa a buɗe ga tsoho da makaho da wanda bai yi karatu ba da mazaunin inda babu sabis.

TAMBAYA: Maigidana ya rasu bayan ya yi wa gwamnati aiki shekaru masu yawa. Na kai duk takardun da aka nema don a biya haƙƙoƙinsa, amma kullum sai a ce ana kan aiki. Ba ni da kowa a sama, ga marayu. Ina zan kai kukana?

AMSA: Hajiya, Allah Ya jiƙansa, Ya raya abin da ya bari. Abin da kike nema ba taimako ba ne, gumin maigidanki ne, kuma jinkirin da ba shi da dalili shi kansa laifi ne a tsarin gudanarwa, ko da ba wanda ya fito ya ce ba za a biya ba.

Ki fara da mayar da maganar rubutacciya. Ki rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban hukumar, ko ki sa wani amintacce ya rubuta miki, ki ambaci sunan marigayin da lambar fayilinsa da ranar da kika miƙa takardu, ki nemi a sanar da ke a rubuce matakin da fayil ɗin yake, da abin da ya rage in akwai, da ranar da za a kammala. Ki yi kwafi biyu, a buga miki hatimin karɓa a kan ɗaya ki riƙe. Kada ki miƙa asalin wata takarda ba tare da kin ajiye kwafinta ba, kuma duk wanda ya ce ki kawo wani abu don a tura fayil, ki nemi ya nuna miki inda aka rubuta hakan. Idan ƙasarku tana da dokar 'yancin samun bayanai, ki ambace ta a wasiƙar, domin tana ɗora wa hukuma wa'adin amsawa. A Najeriya, alal misali, dokar 2011 ta ba da kwana 7.

Idan wa'adi ya wuce babu amsa, mataki na gaba shi ne hukumar sauraron koke-koken jama'a, wadda aikinta ke nan, kuma ba a biyan kuɗi ko ɗaukar lauya kafin a shigar da ƙorafi gabanta. Tsarin na zamani ya samo asali ne daga Suwidin a 1809, Tanzaniya ta kafa tata a 1966, Najeriya a 1975, kuma a wasu ƙasashen da ke amfani da Faransanci akwai mai shiga tsakani na jamhuriya da ke irin wannan aiki. Tunanin ma ya girmi haka nesa ba kusa ba, domin a daulolin Musulunci akwai zaman mazalim, wato zaman sauraron koken waɗanda hukuma ta zalunta, kuma Imam Mawardi, wanda ya rasu a 1058, ya lissafa koken waɗanda aka rage wa albashi ko aka jinkirta musu shi a cikin abubuwan da wannan zama ke dubawa. Ya kamata ki san iyakar ƙarfin irin wannan hukuma: a yawancin ƙasashe shawara take bayarwa, ba ta tilastawa, ko da yake a Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ta yanke a 2016 cewa umarnin nata jami'in sauraron koke-koke wajibi ne a bi shi sai in kotu ta soke. Duk da haka wasiƙar da ta fito daga gare ta tana sa a nemo fayil ɗin da aka ce ya ɓace, domin yanzu akwai wanda zai amsa tambaya da sunansa. Ƙungiyar ƙwadagon da marigayin yake ciki da ƙungiyar 'yan fansho su ma suna da bakin magana, kuma sau da yawa sun san teburin da takardu ke kwana.

Abin da nake so ki kiyaye sosai shi ne lokaci. Hukumomin koke-koke na wasu ƙasashe, ciki har da Najeriya da Birtaniya, suna sa ran a kawo ƙorafi cikin wata 12, kuma wa'adin kai hukumar gwamnati ƙara a kotu yakan fi haka gajarta, har ya kan zama wata 3 kacal a wasu dokokin. Don haka kada ki bari alƙawarin baki ya cinye miki watanni. Da zarar kin aika wasiƙar farko, ki je ofishin bayar da tallafin shari'a kyauta ko wata ƙungiyar lauyoyi masu taimaka wa mata da marayu, ki nuna musu takardunki, su gaya miki wa'adin da ya shafi irin shari'arki a dokar ƙasarku.